GAUƊE ƊAYA A GONAR GADO

A wannan mako na ajiye zancen farashin hatsi da na albashi, na ɗauko maganar wani ɗan icce da yawancin ƴaƴanmu na birni ba su taɓa gani ba, ko da yake iyayensu mata sun yi ado da shi, iyayensu maza kuma sun ci ƴaƴansa a wurin kiwo. Gauɗe nake nufi. Ina roƙon alhazan kasuwa da ma'aikatan buro su yi mini haƙuri su karanta har ƙarshe, domin akwai bashin da nake son in biya a bainar jama'a, akwai kuma roƙon da zan yi musu.

Wata ranar Asabar ta shekarar 2018, a Yamai, na bi ta wurin masu sayar da dashe a bakin kogi don in sayi abin da zan ƙawata ƙofar gidan haya da shi. Wani mai dashe ya nuna mini wata shuka cikin tukunyar roba, mai ganye kore shar yana sheƙi, da fure fari guda biyu. Ya ce sunanta gardeniya, furen Turawa ne, kuɗinta jika bakwai. Na sunkuya don in shinshina, ba da niyyar saye ba. Ƙamshin na shiga hancina sai na ga kaina a gonarmu ta gado, kudu da Tasawa, da asuba, ina riƙe da igiyar akuya, kakata tana gaba da ƙwarya a ka. Na miƙe na ce wa mai dashe: "Malam, ai wannan gauɗe ne." Ya yi dariya ya ce gauɗe na daji ne, wannan kuwa daga waje aka kawo shi. Daga baya na gane cewa ni da shi duka mun faɗi gaskiya.

Kakata, wadda muke kira Iya, ƴar ƙasar Mayahi ce, daga wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, inda goruba ta fi kowane icce daraja. Aure ya kawo ta ƙasar Tasawa tana yarinya. Takan ce abin da ya fara sanyaya mata rai a gidan miji shi ne gauɗen da ta tarar a kwarin gonar kakanmu, don a garinsu sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu ɗaya. Iccen bai fi tsawon mutum biyu ba. Jikinsa sumul yake, fari-fari mai ratsin rawaya, in ka shafa sai ka ji kamar an barbaɗa masa gari. Rassansa gajeru ne masu tauri, suna fita uku-uku, ganyensa ma uku-uku yake tsayawa a bakin reshe. Da bazara, lokacin da zafi ya ishi kowa kuma daji ya bushe, shi a sannan yake fure. Furen yana buɗewa da maraice fari fat, ya cika kwarin da ƙamshi dukan dare, kashegari ya fara komawa rawaya. Na karanta daga baya cewa wani irin malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki ne yake shan ruwan furen, yana ɗaukar garinsa daga wannan zuwa wancan, shi ya sa iccen yake ajiye ƙamshinsa sai rana ta faɗi.

A hannun Iya babu abin yarwa a jikin gauɗe. Ɗanyun ƴaƴansa takan fasa su, ta daka cikinsu, ta matse ruwan a ɗan kasko, ta sa baƙin tukunya kaɗan don mai zane ta ga inda tsinke ya bi. Da shi ake yi wa ƴan mata zane a goshi da kumatu da haɓa ranar salla ko ranar buki. Da fari ruwan ba ya nuna komi, sai an ɗan jima ya kama fata ya yi baƙi wuluk, ya kwana biyar ko shida kafin ya gushe. Wannan shi ne adon da ake kira katambiri. Nunannun ƴaƴan kuwa, masu launin rawaya da ɗan zaƙi da ɗan tsami, rabon yara ne. Daga reshe mai yatsu uku takan fere maburgi. Maƙerin garinmu yakan roƙi guntun busasshen icce don mariƙin wuƙa, saboda taurinsa. Akwai kuma abu biyu da ba ta yarda a yi wasa da su ba: ba a sa iccen gauɗe a murhu, kuma kowace shekara kafin ruwan farko sai ta soke reshe ɗaya a ƙololuwar jinkar ɗakinta, wai yana kare gida daga aradu.

Wanda ya yi wayo a jihar Maradi ba zai manta da shekarar 2005 ba. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta biyo baya, rumbuna suka wofinta tun kafin bazara. Ina kwalejin Tasawa a lokacin. Da na zo hutu na tarar ana jiƙa dilo kwana da kwanaki don a cire ɗacinsa, mata suna yini a daji neman ganye. Iya ta riga ta ga yunwar 1973 zuwa 1974, ta ga ta 1984 wadda mutanenmu suke kira El Buhari, saboda haka ba ta ruɗe ba. Ta hana kowa taɓa ɗanyen gauɗe don ado a wannan shekara. Ta bar ƴaƴan suka nuna, tana tsinko su da ƙidaya, tana ba ƙananan yara biyu-biyu da hantsi don su daina kuka kafin a sauke abin da ya samu. Ni ma, da nake ganin na girma, na karɓa na ci. Ba zan ce gauɗe ya ciyar da gidanmu ba, icce ɗaya ne. Amma ya sa ƙannena sun yi shiru a sa'o'in da uwarsu ba ta da abin ba su, kuma wanda ya ga irin wannan rana ya san darajar hakan.

Shekara biyu bayan haka na shiga lise a Maradi. Aka koya mana yadda wutar sama take taruwa cikin girgije, da yadda ƙarfen da ake kafawa bisa dogon gini yake jan aradu ya kai ta ƙasa. Na komo hutu kaina ya kumbura. Na ga reshen Iya a kan jinka, na sa gora na zunguro shi ƙasa a gaban ƙannena da matan gida, na yi musu bayani rabi da Hausa rabi da Faransanci. Don in cika hujja, sai na jefa reshen cikin murhu. Iya tana zaune tana kaɗi, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce: "Maigidana, ashe abin da ake koya muku ke nan a lakwal? To, na ji aradu ba ta tsoron gauɗe. Kai kuma da ka ci ƴaƴansa shekaran jiya, me ya yi maka?" Matan gida suka yi dariya, don wasan jika da kaka ne a fili. Ni kaɗai na san ba wasa take ba. Ba ta ƙara soke reshe a jinka ba har ta rasu a 2012, ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Kullum ina cewa sai hutu mai zuwa.

Har gobe ban yarda reshe yana tare aradu ba, kuma ba zan ce wa mai karatu ya yarda ba. Abin da ban gani ba a wancan lokaci shi ne aikin da wannan camfi yake yi. Iccen da aka ce ba a ƙona shi, kuma ana bukatar reshensa kowace shekara, icce ne da gatari ba ya kusantarsa. Tsofaffinmu ba su da ma'aikacin gandun daji a kowace gona, sai suka kewaye wasu itatuwa da tsoro da kunya. Mu ƴan lakwal muka zo muka cire tsoron, ba mu kawo wani abu a madadinsa ba.

Bayan gamuwata da mai dashe na shiga bincike. Sunan gardeniya an ba wannan dangi ne a 1761, don girmama wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Garden, wanda ya zauna a birnin Charleston na Amurka. Wadda ake sayarwa cikin tukunya asalinta ƙasar Sin ne da maƙwabtanta, inda aka daɗe ana rina tufafi da abinci rawaya da ƴaƴanta. Gauɗenmu mai ƴaƴan ci shi masana suke kira Gardenia erubescens. Gauɗen kura, mai ƴaƴa masu tauri da ba a ci, waɗanda suke daɗewa a kan reshe, shi ne Gardenia ternifolia. Akwai na uku, gauɗen dutse, wanda ya ɗauki sunan Sakkwato ya shiga da shi littattafan duniya: Gardenia sokotensis. Wani likitan Turawa, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya tattara sunayen itatuwa da Hausa ya buga su a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Abin da Iya ta sani a ka, baƙo ya ga ya isa a rubuta shi tun kafin a haife ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dangin da gauɗe ya fito. Gidansu ɗaya da kafe, wato gahawa, wadda muke sha kowace safiya a teburin mai shayi, wadda asalin mafi shahararta ƙasar Habasha ne. Gidansu ɗaya da iccen Amurka ta Kudu wanda wasu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka fitar da kinin daga ɓawonsa a 1820, maganin da ya daɗe yana yaƙi da zazzaɓin sauro. Gidan yana da iri fiye da 13,000, kuma a cikinsu akwai giyayya ta bakin tabki da tafashiya da muka sani. Ɗan wannan babban gida ne na jefa a murhu ina taƙamar ilimi.

Me ya sa gauɗe ya yi wuya a ƙasarmu? Shi icce ne na inda ruwa ya ɗan fi yawa, mu kuwa muna bakin iyakarsa ta arewa, saboda haka tun asali a kwari da fadama yake samun wurin zama. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya kashe da yawa. Jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare, kowane taƙi ya zama gona. Malaman gona na wancan zamani suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal. Dokar gandun daji ta 1974 kuma ta sa manomi yana ganin icce na gwamnati ne, in ya bar shi ya girma a gonarsa wata rana zai jawo masa tara, gara ya sare shi tun yana ƙarami. Gauɗe kuwa mai jinkirin girma ne, ba ya tsere da gatari.

Gaskiya ne al'amura sun sake. Tun daga 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman jihar Maradi suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun sassauta wa manomi, sa'an nan dokar ranar 30 ga Yuli 2020 ta tabbatar masa da haƙƙi a kan iccen da ya raina a gonarsa. Masu bincike sun ƙiyasta a 2009 cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kimanin miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Tasawa ya ga shaida da idonsa. Amma a duba da kyau a ga waɗanne itatuwa ne suka komo: gawo, sabara, kalgo, aduwa, magarya. Sassaben zamani yana tayar da abin da saiwarsa take raye a ƙasa. Inda aka tumɓuke kututturen gauɗe na ƙarshe, babu dabarar sassabe da za ta komo da shi, sai dai a shuka.

A 2019 Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, aka zauna rabon gado. Da muka je auna gona na tarar babu gauɗen Iya. An sare shi wata shekara don shingen garka, ba wanda ya gaya mini, ban kuma tambaya ba. Sai wani kututture baƙi a kwari, da ƴan toho huɗu da awaki suka gaigaye. Kwarin ya faɗa rabon yayana, wanda shi ne ya zauna gida yana noma tun muna lakwal. Ya ce bana zai haƙe kututturen, don yana karya masa bakin garmar shanu.

Na ce: "Yaya, don Allah ka bar mini shi."

Ya ce: "Mushe, kai da ka ƙona shi a murhu? Ku mutanen Yamai kuna son icce a hoto. Ni ke biyan maƙeri in garma ta karye."

Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Na ce ya ɗauki taƙi goma daga jigawar da ta faɗo mini, ya bar mini taƙi biyar kewaye da kututturen. Dattawan da suke wurin suka dube ni kamar wanda ya taɓu, ana ba da ƙasa mai ba da hatsi don kututture. Yayana ya yi shiru, can ya ce ba ya son jigawata, in dai zan sayi waya in kewaye wurin, in kuma riƙa biyan yaron da zai duba shi da rani, ya bar mini. Muka yi musafaha a kan haka.

Ga abin da na koya a shekarun da suka biyo, ko wani zai amfana. Kututturen bai ba mu wahala ba. Mun bar toho biyu, muka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, muka yi masa ɗan gurbi don ruwan sama ya tsaya, muka kare shi daga awaki. Da yake saiwarsa tsohuwa ce mai zurfi, bai nemi ban ruwa ba. Shuka daga iri ita ce mai wuya. Wani direba ya kawo mini nunannun ƴaƴa daga wajen Madarunfa. Karon farko na ajiye irin wata takwas a aljihun tebur, da na shuka ko ɗaya bai fito ba. Karo na biyu na murje ƴaƴan cikin ruwa, na wanke irin, na shanya shi a inuwa kwana biyu, na shuka nan da nan cikin ƴan ledoji da aka cika da rairayi da ƙasar kwari da ruɓaɓɓen taki. Cikin leda 40, 17 suka tsiro bayan makonni. Na yi gaggawar dasa su a daminar farko suna ƙanana, rani da gara suka cinye 11. Shidan da suka rage su ne waɗanda aka dasa a kwari, a watan Agusta, aka yi musu rumfar kara, aka riƙa ba su ruwa sau ɗaya a mako har rani biyu. Har yanzu ba su wuce gwiwata ba. Mai son inuwar gaggawa ya shuka dogon yaro, gauɗe na mai haƙuri ne.

Ita kuwa gardeniyar tukunya, don na koma na saye ta, ba ta yi wata biyar ba. Tana son ƙasa mai tsami da iska mai laima. Ganyenta ya yi rawaya, hunturu ya zo ya ƙarasa ta. Jika bakwai suka tafi, alhali ɗan uwanta na gida yana fure a tsakiyar zafin Afrilu ba tare da an ba shi ko moɗa ɗaya ba.

Saboda haka ga roƙona. Ku ma'aikata, tun 1975 ake dashen itace a ƙasar nan kowace ranar 3 ga Agusta, kuma yawancin abin da muke dasawa a harabar buro da lakwal baƙin itatuwa ne. Mene ne laifi in kowace makaranta ta ƙasar Tasawa da Mayahi ta raini gauɗe biyu, malami ya koya wa yara sunansa na Hausa da na littafi a rana ɗaya? Ku alhazai masu sayen gonaki a bakin gari, kafin ku sa a share fili, ku sa wani tsoho ya zagaya da ku ya nuna muku kututturan da ke ciki. Masu dashe kuma ba za su raini abin da ba a tambaya ba. In mutum goma suka nemi gauɗe a wurinsu bana, baɗi za a same shi. Ga masu haƙar saiwarsa don maganin shawara ko ciwon ciki, ina tunatar da su cewa saiwa ita ce ran iccen, kuma zumuntarsa da kinin ba ta mai da shi maganin zazzaɓi ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita.

A bazarar 2024 yayana ya kira ni da dare, abin da bai saba ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa ce. Sai ya ce: "Mushe, iccenka ya yi fure. Tun daga bakin hanya ake jin ƙamshi." Na lura ya ce iccenka, amma muryarsa ta mai gona ce da abinsa ya yi kyau. Da na je, na tarar ƴarsa ta fari, mai sunan Iya, tana tambayar uwarta yadda ake katambiri, uwar kuma ba ta sani ba. Sai da aka nemo wata tsohuwa a unguwar maƙera ta nuna musu. Ranar da zan komo na yanki ɗan reshe mai yatsu uku, na tafi da shi maƙabarta, na tsaya a kan kabarin Iya na faɗi abin da ya kamata in faɗa shekara goma sha bakwai da suka wuce. Reshen yana nan bisa ƙofar ɗakina a Yamai. In baƙo ya tambaya, nakan ce masa ba don aradu na sa shi ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa na baya abin da muka tarar. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.